Ranar da Ƙaya ta Soki Maitsiro

Wata biyar ke nan mutanen majalisar gindin ceɗiya, a bayan kasuwar Gwandu, suna gardama a kan mutumin da babu shi. Sunansa Maitsiro. Wata mata ce a Kalgo take ba da labarinsa da baki tana ɗauka a waya. Duk ranar Alhamis sai ta saki kashi ɗaya, ya bi wayoyi hannu zuwa hannu har ya iso wurin Sadiƙ mai cajin waya, shi kuma bayan la'asar ya jona a sifika kowa ya ji.

A labarin, Maitsiro ɗan masunci ne, kuma duk abin da aka yanke a jikinsa tsirowa yake yi. An sare masa hannu a kashi na uku, kafin asuba wani ya fito. An ƙone shi ƙurmus a kashi na tara, ruwan farko na damina yana sauka a kan tokar ya tashi yana tari. Wani sarkin ruwa ya sa an daddatsa shi an zuba wa kifaye, aka manta da ɗan yatsa ɗaya a cikin kwalekwale, daga yatsan nan mutum ya dawo cikakke har da tabon da ke goshinsa. To daga nan majalisa ta rabu biyu: masu cewa wata rana zai mutu, da masu cewa ba abin da zai kashe shi.

Shugaban masu cewa ba ya mutuwa shi ne Ashiru mai rake, tsohon ɗan kokawa da a zamaninsa ake kira Turmi. Shugaban ɗaya ɓangaren kuwa Isa ne, manomin albasa. Ba don Isa ya damu da Maitsiro ya ɗauki wannan ɓangare ba. Da Ashiru ya ce yana mutuwa, da Isa ya rantse ba ya mutuwa. Taubasai ne. Uwar Isa, Rabi, ƙanwar uban Ashiru ce, don haka tun suna yawo ba wando Ashiru yake kiransa bawa, shi kuma yake rama abin da ya samu. Shekara hamsin da wani abu, ba wanda ya taɓa jin sun yi wa juna magana ɗaya da ba tsiya a ciki. Ranar da uwar Isa ta rasu ma, da Ashiru ya zo gaisuwa, zama ya yi kusa da shi ya yi shiru har magariba, don bai san yadda ake yi wa Isa magana ba tare da zolaya ba.

"Kai bawa, ka taɓa sare rake?" in ji Ashiru wata la'asar, yana fere ɓawo da wuƙa. "Ka sare shi har ƙasa, ka dawo bayan sati biyu ka gani. Shi ke nan Maitsiro. Ai sara shi na abincinshi."

"Rake ai ba mutum ba ne, Tsohon Turmi. Ko da yake kai tun da kake shan shi, ƙwaƙwalwarka ta zama ɓawo."

Malam Sirajuddeen, mai koyar da yara a makarantar unguwa, ya gyara zama. "Ni dai abin da na sani, kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne. Ba a cire kowa ba."

"Allah gafarta Malam, wanga ai ba shi da rai," in ji Sadiƙ. "A cikin memori yake."

"To in ba shi da rai, don mi kuka hana ni yin karatu da hayaniyarku a kansa?"

Aka yi dariya. Wani ya ce a jefa shi rijiya a rufe da siminti. Wani ya ce ai wannan ɗauri ne, ba mutuwa ba. Wani ya kawo maganar tsufa, aka ce tsufa ma lalacewar nama ce, shi kuwa nasa sabo ne kullum. Haka ake yi har a kira sallah, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Isa yana cikin dariyar, amma idonsa ba ya barin ƙafar Ashiru ta dama. Wata uku da suka wuce Ashiru ya taka kututturen rake a fadama, ya huda masa ƙarƙashin yatsu. Ga shi da ciwon suga. Raunin da yaro zai manta da shi cikin mako ɗaya, shi ya ƙi rufewa. Yanzu yana ɗaure ƙafar da wani shuɗin ƙyalle, ya yanke igiyar takalminsa don kumburi, ya kuma fara shafa turare mai ƙarfi, shi da duk rayuwarsa warin gumi da rake kawai aka san shi da shi.

Salamatu, matar Ashiru, ita ta tare Isa a ƙofar gidansu wata safiya, ta tsaya daga cikin zaure ta rage murya.

"Baban Habiba, don Allah tsaya. Mun tafi asibiti Kalgo sati biyu da sunka wuce. Likita ya ce yatsu biyu sun mutu, sai an cire, in ba haka ba abin zai hau. Ya ɗauki hularsa ya fito. Ya ce da ƙafa biyu ya zo, da biyu zai koma. Ya hana ni gaya ma kowa." Ta share ido da gefen mayafi. "Kai kaɗai yake biye ma. Ka yi mishi magana."

Isa ya ce to. Amma tun kafin ya kai bakin titi ya san Salamatu ba ta fahimci abin ba. Ashiru yana biye masa ne don maganarsa ba ta da nauyi.

Duk da haka ya gwada. A ranar, da mutane suka ɗan ragu, ya matsa kusa da tulin rake ya ce, "Turmi, ƙafar nan in ba ka bari an duba ta ba, kashe ka za ta yi."

Ashiru ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Jama'a ku shaida, bawa ya fara hangen gadon ubangidansa. To ka kwantar da hankali, wuƙar raken nan ita kaɗai zan bar maka, ita ma ta dakushe."

Majalisa ta fashe da dariya. Isa ya ji bakinsa da kansa yana cewa, "Ai ko likkafani sai na ara maka," aka ƙara dariya, magana ta bi iska. Ya koma gida yana jin haushin harshensa. Ya sake gwadawa bayan kwana biyu a hanyar masallaci, su biyu kaɗai. Ashiru ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ni da Maitsiro uwa ɗaya uba ɗaya. Ka ba ni wata guda ka ga sabon nama." Ya faɗa yana dariya, amma hannun da ya dafa Isa da shi ya yi nauyi, don jingina yake yi.

Dabarar ta zo wa Isa ne a rumfar ajiyar albasarsa. Mai albasa ba ya barin ajiya ta kwana bakwai bai juya ta ba. Ana bi ɗaya bayan ɗaya ana latsa wuya, wadda ta yi laushi a fitar da ita nesa, don guda ɗaya tana cinye kwando. Yana cikin latsawa ya tsaya da wata a hannu, waje lafiya lau, ciki ya zama ruwa. Ya ce a ransa, duk abin da aka yi wa Maitsiro yanka ne, ko ƙuna. Ba a taɓa barin wani abu ya ruɓe a jikinsa ba. In da ruɓa ta kama shi ya ƙi yankewa, da tsiron ma ruɓaɓɓe zai fito.

Da farko murna ya yi ya samo abin da zai kayar da Ashiru a gardama. Sai kuma tunanin ya wuce nan. Ashiru ba ya jin likita, ba ya jin matarsa, ba ya jin Isa. Amma duk Alhamis yana ajiye wuƙa ya kasa kunne ga matar Kalgo kamar mai sauraron wa'azi.

Ranar Talata da sassafe Isa ya shiga mota. A tashar Kalgo bai sha wahala ba, ɗan kabu-kabu na farko da ya tambaya ya ce, "Gidan Maitsiro? Hau." Sunan matar Halima Sadiya, malamar firamare ce, ba za ta wuce shekara arba'in ba. Mijinta ya shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, ta fito ta zauna daga gefen ƙofa. Isa ya yi mamaki. Muryar da take sa manyan mutane su manta da la'asar, ga ta a jikin wata 'yar siririyar mata mai alli a yatsu.

"Baba, in dai kashe shi kake so in yi, kai ne na huɗu," in ji ta tana murmushi. "Wani daga Maruda har da zabi biyu ya zo."

"Ba kashe shi nake so ba, ɗiyata. So nake ƙaya ta soke shi."

Ya kwashe labari ya gaya mata. Ta daina murmushi. Da ya gama ta ce, "Baba, labari ba asibiti ba ne. Mi zai hana ka zaunar da shi ka gaya mishi?"

"Taubashina ne."

"To?"

"Ke ba ki da taubashi?"

Mijin ya yi 'yar dariya, ita ma ta sunkuyar da kai. Isa ya ce, "In na ce mishi gidansa na cin wuta, sai ya tambaye ni ko na zo da dankalin gasawa. Amma in Maitsiro ya ƙi yanka ya kusa mutuwa, sa'an nan ya yarda anka yanke ya tashi, Ashiru zai ji. Ni na san shi."

Ta murza allin yatsunta. Ta ce kashin jibi ta riga ta ɗauka, kuma ya bar Maitsiro a tsakiyar gulbi, ba yadda za a yi ƙaya ta same shi a can. Sai dai na Alhamis ta sama. Isa ya ƙirga, kwana tara. Ya ce ba komai. Abin da aka yi wata uku ana fama da shi, kwana tara ba za su ƙara masa komai ba. Haka ya gaya wa kansa.

Sai ta fara tambaya, irin ta masu ba da labari. Yaya mutum yake tafiya in ƙafa ta yi haka? Yaya yake ɓoyewa? Me yake cewa in an yi masa magana? Isa kuwa da ya samu mai sauraronsa da gaske, abin da ya daɗe yana cinsa ya zubo. Ya faɗi shuɗin ƙyallen. Ya faɗi takalmin da aka yanke wa igiya, da turaren, da maganar da Salamatu ta gaya masa a zaure. Bai ce mata kada ta saka su ba, don bai taɓa zaton akwai bukatar faɗa ba. Ita kuwa mai sana'ar labari in ta tsinci abu mai kyau ba ta yar da shi.

Kwana taran nan Isa bai ji daɗinsu ba. Ashiru ya daina zuwa fadama, sai dai a kawo masa raken. Ya samo sanda, ya ce ta korar awaki ce. Turaren ya ƙaru, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani wari da Isa ya sani sarai daga rumfar albasa. Sau biyu yana buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna saura kwana biyar, saura kwana uku, ya haɗiye. A majalisa kuwa gardama ta ƙara zafi, don a kashin gulbi kada ya haɗiye Maitsiro, aka kwana biyu ana musu ko cikin kada yana narkar da mutum da sauri fiye da yadda yake tsirowa.

Alhamis ta zo. Mutane sun fi na kullum, har da masu tsayuwa. Sadiƙ ya jona sifika.

Muryar Halima Sadiya ta fito a natse. Maitsiro ya tsere daga cikin kada, ya fito tudu, yana tafiya ba takalmi sai wata baƙar ƙaya ta soke shi a ƙarƙashin yatsu. Ya yi dariya, shi da aka ƙone, ƙaya ce za ta dame shi? Amma wurin bai rufe ba. Naman da yake tsirowa baƙi yake fitowa. Wata tsohuwa ta ce masa ya yanke yatsu biyu tun da wuri, ya ƙi.

Isa ya saci kallon Ashiru. Ya ajiye wuƙa, ya kasa kunne. Zuciyar Isa ta ce, ga shi nan, ya kama.

Sai muryar ta ce Maitsiro ya yagi shuɗin ƙyalle ya ɗaure ƙafar. Ya yanke igiyar takalminsa don kumburi. Ya sayi turare yana zubawa don kada mutane su ji.

Wani a baya ya fara dariya, ya katse ta a tsakiya. Ba wanda ya juya kai, amma idanu suka gangara ƙasa ɗaya bayan ɗaya, suka sauka a kan shuɗin ƙyallen da ke gaban tulin rake. Ashiru ya ja ƙafar a hankali ya tura ta ƙarƙashin benci.

"Da biyu na zo," in ji Maitsiro a cikin sifika, "da biyu zan koma."

Kashin ya ƙare da Maitsiro kwance cikin zazzaɓi, tsohuwar tana wasa wuƙa a waje. Sadiƙ ya zare waya. Yau ba wanda ya yi tsalle ya ce kun gani. Malam Sirajuddeen yana ta jan carbi yana kallon ƙasa.

Ashiru ya ɗauki wuƙarsa ya goge a gefen riga, ya sa a kube. Bai ɗaga murya ba. "Ranar Talatar satin da ya wuce na aika gidanka neman igiya, anka ce ka tafi Kalgo. Na ce mi bawa zai sayo a Kalgo. Ashe sayarwa ka tafi yi."

Isa ya sunkuyar da kai.

"Magana ɗaya na yi cikin ɗakina, da matata. Yau ana jin ta har garin Ceberu." Ashiru ya dogara sanda ya miƙe. Sadiƙ ya taso zai kama shi, ya ɗaga masa hannu. Ya bar raken a nan, ya bi lungu yana jan ƙafa, mutane suna buɗa masa hanya. Tsohon ɗan kokawar da ake cewa bayansa bai taɓa ƙasa ba, yau ba mai iya kallon bayan nasa.

Juma'a Ashiru bai fito masallaci ba. Isa ya kai har bakin lungunsu ya juyo. Asabar ma haka. Kunya ta riƙe shi, yana ce wa kansa bari zuciyarsa ta huce tukuna. Ranar Lahadi da hantsi Salamatu ta zo da kanta, ba ta ko zauna ba. Ta ce tun jiya jikin Ashiru kamar garwashi, yana magana shi kaɗai, baƙin ya wuce idon sawu. Ba ta ce masa komai a kan Kalgo ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ɗakin a rufe yake, turare da warin nan sun cika shi. Ashiru yana kwance a kan katifa, fuskarsa ga bango. A saman ƙofa har yanzu tsohuwar ɗamararsa ta kokawa tana rataye, layunta sun bushe. Isa ya cire takalmi, ya cire hula, ya durƙusa a ƙasa kamar mai gaida surukinsa.

"Yaya Ashiru."

Ashiru ya juyo a hankali. Tun da aka haife su Isa bai taɓa kiransa haka ba.

"Na bar wasa a ƙofar gida," in ji Isa. "Yau ba taubashinka ya zo ba. Ɗan Rabi ne, ƙanwar ubanka. Ƙafar nan ta mutu, Yaya. In ta kwana biyu a jikinka za ta tafi da kai. Tun wata guda ya kamata in durƙusa haka, na kasa, na tafi na ɗauko wata ta faɗa a madadina."

"Ka tona min asiri."

"Na tona."

"A gaban Sadiƙ. A gaban yaran da na goya."

"Awo. Ban da abin cewa. Ka rayu ka yi fushi da ni shekara ashirin, na yarda."

Ashiru ya kalli rufin ɗaki. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Da ya yi magana, muryar ba ta Turmi ba ce. "Kana zaton na ɗauka nama zai tsiro? Ni na fi ka sanin nama. Ba mutuwa nake tsoro ba, Isa. In anka yanke, binne ta za a yi. In riƙa wucewa ta maƙabarta da sanda, wani sashena na ciki yana jirana. A ɗauke ni a kai ni bayi. Ni da ban taɓa bari wani ya ɗaga ni daga ƙasa ba."

"Ni zan ɗauke ka."

"Kai? Kwandon albasa ma sai an ɗora maka."

Isa ya ji tsiyar ta taso masa har maƙogwaro, amsarta a shirye. Ya san in ya mayar, shi ke nan, sun koma gidan jiya, za a yi dariya a rufe magana. Ya danne ta. Ya ci gaba da durƙuso yana kallonsa, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Ashiru ya jira amsar. Da ya ga ba ta zo ba, ya rufe ido.

"Nemo mota," ya ce.

A asibitin Kalgo likitan ya kwance shuɗin ƙyallen, ya duba, bai yi faɗa ba. Ya fito da Isa baranda ya ce yanzu ba maganar yatsu ake ba, sai daga ƙasan gwiwa. Isa ya tambaye shi, da an zo sati biyu da suka wuce fa? Likitan ya ce Allah ne masani, amma da wataƙila an tsira da diddige. Isa bai yi boko ba, amma lissafin nan bai gagare shi ba. Kwana tara na jiran Alhamis, da uku na kunya.

Aka yi aikin washegari da safe. Wajen azahar wata nas ta kira dangin Ashiru, ta miƙo wani abu a naɗe cikin leda da farin ƙyalle. Salamatu ta juya baya. Isa ya karɓa da hannu biyu. Ya fi nauyin da ya zata.

Ya kawo ƙafar Gwandu a kan cinyarsa, a kujerar gaba, direba bai tambaye shi ba. Malam Sirajuddeen ya ce ba a yi mata sallah tun da mai ita yana raye, a naɗe ta da kyau a rufe kawai. Su biyu suka tafi maƙabarta bayan la'asar. Isa ya haƙa ramin da kansa a can gefe, kusa da katanga, inda mai wucewa ta hanya ba zai hango ba. Ƙafar da ta kayar da maza a filin Gwandu da Jega, rami kamu uku ya ishe ta.

Ashiru ya tashi. Zazzaɓin ya sauka a kwana na uku, ya fara shan kunu. Ranar Alhamis Isa ya je da lemu da fura. Ya tarar da shi a jingine da filo, zanen asibiti ya kwanta shafal a inda ƙafa ya kamata ta ɗaga shi.

"Sannu da zuwa, Malam Isa," in ji Ashiru. "Ya hanya? Ya iyali?"

Isa ya tsaya da ledar lemu a hannu. Ya amsa, lafiya lau. Ashiru ya yi masa godiyar ɗawainiya, ya ce Allah ya saka da alheri, ya tambayi kasuwar albasa. Duk yadda ake yi wa baƙon kirki. Isa ya zauna a bakin gado yana ɓare lemu, yana jira a ce masa bawa bai iya ko ɓare lemu ba. Ya ɓare shi a karkace da gangan, ruwan na zuba a rigarsa. Ashiru ya karɓa ya ce na gode.

Daga gadon da ke can ƙarshen ɗaki wani majinyaci ya kunna waya, muryar Halima Sadiya ta taso ƙasa-ƙasa. Masu jinya biyu suka matsa kusa, ɗaya yana cewa wallahi wannan karon sai ya mutu, ɗayan yana cewa ina, ai an yanke, tsirowa za ta yi.

Ashiru ya ɗan karkata kai wajen, sa'an nan ya mayar.

"Can majalisa mi sunka ce?" ya tambaya. "Yana mutuwa?"

"Ban koma ba tun ranar."

Ashiru ya gyaɗa kai. Ya ja zane ya rufe kafaɗa, ya juya ga bango.

"A gaida gida, Malam Isa."

Isa bai tashi ba. Ya zauna da ɓawon lemu a hannu har aka kira la'asar, ko Allah zai sa mutumin nan ya juyo ya zage shi.